Gona ko Fegi: Tarihin Yanka Filaye a Buza da Maƙwabtanta

A ƙasar Adar ta dauri, gari yana faɗaɗa ne da iznin mai gari. In gida ya cika, ko baƙo ya sauka da niyyar zama, sai a nuna masa gefen gari ya kafa danga, dattawa su zama shaida. Ba a san takarda ba, amma kowa ya san inda gonar wane ta tsaya.

Faransawa ne suka zo da wata fahimta. Dokarsu ta 1904 ta ce duk ƙasar da ba ta da mai ita ta gwamnati ce, ta 1932 kuma ta tsara rajistar filaye. A ƙauyukan da ke tsakanin Madawa da Keita waɗannan dokoki ba su taɓa rayuwar manomi sosai ba, sai dai sun bar wani tunani da bai gushe ba: cewa hukuma tana da ikon mayar da gona unguwa. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1961 ta tabbatar da wannan iko na karɓar fili don amfanin jama'a, bisa sharaɗin biyan diyya. A 1964 Buza ta zama mazaunin hukuma mai cin gashin kanta ƙarƙashin Tawa, kamar Madawa da Keita.

Wanda bai san yankin ba zai ce ai fili ba ya ƙarewa a Sahel. A nan kuwa ƙasa iri biyu ce: tudun dutse mai faɗi wanda haƙa rijiya a kansa aiki ne ja, da kwari mai albarka amma ƙanƙane, irin na Majiya da na Tarka, inda ake samun dawa da albasa. Darajar kwarin ce ta sa aka fara dasa layukan dogon yaro a Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska, ita ce kuma ta jawo babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya. Mutane kuwa suna ta ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 440,000 a gundumar Buza kaɗai. Kowane sabon magidanci yana son fegi kusa da ruwa da kasuwa, wato daidai inda gona ta fi tsada.

Daga nan dokoki biyu suka fara tafiya, kowace da fuskarta. Kundin dokokin karkara na ranar 2 ga Maris 1993 ya amince da mallakar gargajiya, ya ba ta kariya daidai da ta mai takarda, ya kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, inda sarakuna da ma'aikata da manoma da makiyaya ke zama tare. Wannan babban ci gaba ne ga talaka. A ɗaya gefen, zaɓen ranar 24 ga Yuli 2004 ya ɗora magadan gari a kan ƙananan hukumomi 265, kundin 2010 ya fayyace ayyukansu, dokokin tsara birane na 2008 da 2013 da 2017 kuma suka ɗora wa garuruwa nauyin yin taswira tun kafin gini: ina gidaje za su zauna, ina hanya, ina makaranta, ina za a bar wa ruwa mafita. Yanka filaye, wanda kowa ke kira lotisma, ya kamata ya biyo bayan taswirar, kuma da amincewar hukumomin ƙasa.

A aikace sau da yawa lotisma ne ke gaba. Yin taswira yana cin kuɗi da masana, ƙaramar hukumar da ke rayuwa da harajin kasuwa ba ta da ko ɗaya. Sayar da fegi kuwa kuɗi yake kawowa nan take. Ba a karkara aka ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, domin a Yamai ma gwamnati ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da filaye. Mai gona yakan karɓi wani kaso na fegi a matsayin diyya, ya sayar, kuɗin su ƙare, gona ba ta dawowa. Unguwa kuma takan tashi ba famfo ba magudana, wani lokaci a bakin koramar da ke gangarowa daga dutse da damina. Laifin bai tsaya kan magadan gari kaɗai ba: an ba su nauyi, ba a haɗa musu da abin ɗauka ba.

A watan Afrilun 2024, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa jami'an riƙo a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Aikin yanka filaye a Buza da Madawa da Keita ya koma hannunsu, dokokin 1993 da 2017 kuwa ba a taɓa su ba a wannan sauyi.