Ƙugiya da Ɗigo: Tarihin Gwagwarmayar Haruffan Hausa da Na'urorin Rubutu



Duk wanda aikinsa ya shafi takardu ya san abin da kan faru idan aka buɗe rubutun Hausa a kwamfutar da ba a kanta aka rubuta shi ba. Wani lokaci ɗan akwati zai tsaya a gurbin harafi, wani lokaci kuma alamar da ya kamata ta hau kan wasali ta zame gefe. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan sabuwar cuta ce. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa tsohuwar rigima ce tsakanin harshe da na'ura, kuma a kowane zamani mutane ne suka zauna suka yanke mata hukunci.

Marubutan ajami ba su san wannan matsala ba, domin alƙalami yana ɗora wasali a sama ko a ƙasa yadda hannu ya so. Matsalar ta zo ne da boko da injin ɗab'i. Haruffan Romawa ba su da gurbin sautukan da suka raba ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki, ko ɓata da bata. Saboda haka Turawan farko suka yi ta dabaru. C. H. Robinson ya riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, shi kuwa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da nasa ƙa'idojin a 1912.

A 1926 aka kafa wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, wadda Diedrich Westermann yake cikin jagororinta. Ra'ayin cibiyar shi ne a guje wa ɗora alamu a kan haruffa, domin mai rubutu yakan manta da su, kuma a maɗaba'a sukan lalace. Gara a ƙera harafi guda mai zaman kansa. Bisa wannan ra'ayi ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta karɓi ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa su. Amma tafiretar ofis ba ta da su, don haka akawu yakan buga harafin, sannan ya ɗauki biro ya lanƙwasa masa kai, idan ya tuna.

A nan ya kamata mu dubi ƙasar Gumel. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bi ta Maigatari, ta raba Hausawa gida biyu, kowane gida da irin makarantarsa. An yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 domin daidaita rubutu, amma har yanzu ɗan Nijeriya yana rubuta 'ya'ya, ɗan Nijar kuwa ƴaƴa, kamar yadda dokar ƙasarsa ta 1999 ta tabbatar. Fataken dabbobi na kasuwar Maigatari da takwarorinsu na Damagaram bakinsu ɗaya, takardunsu ne suka bambanta. Yankin ciniki maras shinge da aka kafa a Maigatari wuri ne da irin waɗannan takardu suke haɗuwa, kuma na'ura ba ta san cewa 'y da ƴ abu ɗaya ne ba. Wanda ya nemi suna da ɗaya ba zai same shi ba idan da ɗayan aka adana shi.

Da kwamfuta ta zo, tsarin ASCII na Amurka gurbi 128 kawai ya tanada, babu ƙugiya ko ɗaya. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa marubuta babban amfani. Dabarar wancan zamani ita ce aron gurbin wasu alamu, shi ya sa tsohon rubutu kan fito da }asa a madadin ƙasa a na'urar da ba ta da salon. Tsarin Unicode, wanda ya fara a 1991, shi ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta dindindin.

Saura alamun karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ƙamusu da littattafan nahawu ba sa rabuwa da su. Da su ake raba kūkā na hawaye da kūkā̀ ta miya. Unicode yana da ḕ da ṑ a shirye, amma ba shi da ā̀ ko ī̀ ko ū̀, haka nan r̃ da masana suke nuna ra-gare da ita. Waɗannan sai an haɗa harafi da alama mai hawa, sannan salon haruffan ya san inda zai ajiye ta. Idan bai sani ba, alamar ta karkace ko ta danne 'yar'uwarta. Wato abin da Westermann ya ji tsoro ya dawo a sabuwar riga.

Magani a bayyane yake. A rubuta da haruffan Unicode, a zaɓi salon da yake ɗauke da haruffan harsunan Afirka, kamar Charis SIL ko Noto, a mai da tsofaffin takardu zuwa sabon tsari, kuma a adana abin da za a aika a matsayin PDF domin ya tafi da salonsa.

A ƙarshe, ina kira ga ma'aikata musamman. Idan aka rubuta Danladi a takardar Ɗanladi, an tauye masa sunan da iyayensa suka raɗa masa. Magabata sun sa maɗaba'a ta zuba sababbin haruffa da dalma saboda Hausa. Abin da ya rage mana bai kai nasu wuya ba, sai dai kula.