Bindigar kwance da ta ci Tibati

A kasuwar masu tara tsofaffin bindigogin soja a Turai da Amurka, Mauser ƙirar 1871 ba baƙuwa ba ce. Amma idan aka sami wadda aka buga wa hatimin "Sch.K.", alamar rundunar Jamus ta Kamaru, farashi kan tashi nan take. Mai saye zai duba lambar masana'anta, ya leƙa cikin bututu ko tsatsa ta ci, ya ja sakata ya ji ko tana tafiya sumul. Da wuya ya tambayi wanda aka harba da ita. Mutanen Tibati da ke Kamaru kuwa suna da amsa.

Bindigar kanta ba ta da wani abin mamaki. Harsashi ɗaya take ɗauka, mai kaurin milimita 11. Soja ya ɗaga hannun sakata, ya ja baya, ya zura harsashi, ya tura ya kulle, ya ja kunama. Albarushinta baƙi ne, hayaƙi kan turnuƙe har ya tona inda mai harbi yake. Da sojan Jamus suka koma wa ƙirar 1888, sai tsohuwar ta zama kwance, aka tura ta Afirka aka danƙa wa baƙaƙen sojoji. Cikinsu akwai 'yan Laberiya da Saliyo, akwai kuma Hausawa, kuma wannan ba abin da za mu ɓoye ba ne.

Abin da ya ba ta ƙarfi doka ce. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana a sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu bindigar toka. Mai bindigar toka sai ya zuba albarushi ta baki, ya ɗura, ya daddanna da sanda, galibi a tsaye, ƙirji a buɗe. Kafin ya gama, mai sakata ya yi harbi da yawa yana kwance rub da ciki. Jarumta ba ta cike wannan giɓi.

Tibati ba ƙaramin gari ba ne a lokacin. Tun zamanin Hamman Sambo da ya kafa ta, masarauta ce mai ganuwa da dawaki, wadda sau da yawa ta ƙi bin umarnin Yola, kuma fataken Hausa na bi ta nan neman hauren giwa da goro. A 1899 Kyaftin von Kamptz na rundunar Jamus ya taso daga kudu, ya fasa Ngila ta Wutawa a watan Janairu, ya shiga Tibati ranar 11 ga Maris. Lamiɗo Hamman Lamu ba ya gari, yana sansani inda ya yi shekara da shekaru yana kewaye da Ngambe ta Tikar. Aka wawashe fada, aka kwashi hauren giwa da kayan sarauta, daga baya aka kama Lamiɗon aka tuɓe shi. Wasu daga kayan nan suna gidan tarihi na Bremen. Ke nan tara kayan tarihin ya fara tun ranar da garin ya faɗi.

Sauran garuruwan sun biyo da sauri: Garwa a Nuwamba 1901, Marwa a Janairu 1902, inda Hans Dominik ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola, har da bindiga mai jigida.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo wa masu sakata takwarorinsu. Sojojin Najeriya suka ƙetaro da Lee-Enfield mai cin harsashi 10, na Faransa da nasu. Harin farko kan Garwa a Agusta 1914 ya watse, har aka kashe jagoransa Kanar MacLear, amma garin ya miƙa wuya a Yuni 1915. Ingila ta toshe teku, harsashi ya yi wa Jamusawa ƙaranci har suka koma ƙera shi da kansu. Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe dutsen Mora har Fabrairu 1916. A watan nan ne ragowar rundunar Jamus, dubban sojojin Afirka da iyalansu, suka tsallaka zuwa Rio Muni ta Sifaniya, aka karɓe makamansu, aka kai sojojin tsibirin Fernando Po aka tsare.