Aska a Cikin Baki: Wanzanci da Amana a Ƙasar Damargu

A watan Janairu na shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauko daga duwatsun Abzin tare da ayarin gishiri, ya yada zango a Tagelel, cikin ƙasar Damargu. A nan shi da Overweg suka rabu da abokin tafiyarsu Richardson, wanda ya kama hanyarsa. Ƙasar da ya tarar rumbun hatsi ce ga mutanen Abzin, kuma mahaɗa ce ta al'ummomi: Dagira masu jin Barbarci, Hausawa manoma da fatake, Buzaye masu raƙuma, sai Fulani da suka yawaita daga baya. A irin wannan kasuwa ta cuɗanya, tun kafin baƙo ya buɗe baki ana karanta asalinsa a kumatunsa. Babarbare da zanensa na tsaye, Bagobiri da tsagarsa wadda ta taso daga gefen baki ta nufi kunne, wani da bille, wani da ƴan baka. Buzu kuwa ya ja amawali ya rufe bakin gaba ɗaya, don a wurinsa kunya ce babban mutum ya bar shi a fili.

Baki ya daɗe yana shan ado a wannan yanki. Matan Barebari da na Hausawa sun riƙa rina haƙora da fure da goro har su yi jawur. Matan Bororo suna yin zanen baƙi a kusurwar leɓe, suna kuma jera manyan ƴan kunne tun daga saman kunne har ƙasa. Alhazai suka zo da haƙorin Makka. Amma huda leɓe ko harshe bai shiga al'adar Damargu ba. Wannan sai can nesa, kamar wajen matan Sara-Kaba na ƙasar Cadi ko Mursi na Habasha, waɗanda ke saka faifai a leɓe. Abin da Damargu ta sani shi ne askar da ke shiga cikin baki don magani, kuma mai riƙe da ita shi ne wanzami.

Aikin wanzami ya wuce aski nesa ba kusa ba. Cikin zabirarsa akwai askar gashi, da ta tsaga, da ta kaciya, da ƙahon da yake zuƙe mataccen jini da shi, da kuma wata ƙaramar aska mai lanƙwasa da maƙeri ke ƙera masa musamman don cire belu, wato hakin wuya, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Yakan danne harshen jariri da ɗan itace, ya ɗauke belun cikin ƙiftawar ido, ya nuna wa tsofaffin gida. Shi ne kuma ke yanke linzami idan aka ga harshen yaro a ɗaure. Imanin da ke bayan cire belu mai ƙarfi ne: an ɗauka idan aka bar shi zai kumbura ya hana jariri shan nono, ya jawo amai da zawo da rama, ko ma ya toshe maƙogwaro yaro ya mutu.

Abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne yadda uwa ke miƙa ɗanta na kwana bakwai ga mutum mai aska ba tare da gardama ba. Amanar nan ba daga sama ta faɗo ba. Wanzanci gado ne. Yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubansa zabira, yana wasa aska, yana kallo, kafin a bar shi ya taɓa kan wani, balle maƙogwaronsa. Kowane gida da wanzaminsa, kuma sau da yawa wanda ya yi wa uba kaciya, ɗansa ne zai yi wa ɗan uban. Ladarsa ba ta ƙare a ranar aiki: yana da rabonsa ranar suna, da kaka kuma a kai masa hatsi. A bisansa akwai Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara idan an yi ɓarna. Wanzamin da hannunsa ya yi kaushi ba shi da inda zai gudu, don gonarsa da iyalinsa da kabarin kakansa duk suna garin. Har karin magana ya yi masa shaidar sanin zafin abin da yake yi wa mutane, da aka ce wanzami ba ya son jarfa.

Wannan tsari ya tabbatar da abu biyu, gwanintar hannu da samun wanda za a tuhuma. Abu na uku ne ya gagare shi, don ba a ganinsa da ido. Aska ɗaya takan zaga gida uku ko huɗu a safiya guda, abin da ke tsakanin wannan yaro da wancan bai wuce shafa ta a tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba. Idan jariri ya sandare bayan mako guda, haɓarsa ta kulle, sai a ce iska ce ko mayu, ba wanda zai kalli zabira. Ba ha'inci ba ne, iyakar ilimin zamanin ke nan, kuma likitocin Turai kansu ba su rungumi tsarkake wuƙaƙen fiɗa ba sai bayan aikin Joseph Lister na 1867.

Zuwan Turawan Faransa a farkon ƙarni na 20 bai girgiza wanzami ba sosai. Gidan likita ɗaya ne a gari mai nisa, ƙasa kuwa faɗi gare ta. Daga Tanut zuwa Damagaram kawai tafiyar wajen kilomita 150 ce, ƙauyukan Tarka da Gangara da Tenhiya kuwa sai dai raƙumi ko jaki. Belbeji ma ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai 2011. Abin da ya sauya lissafi shi ne cutar sida, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijar a 1987. Daga nan magidanta suka soma zuwa wurin aski da sabuwar rezarsu a aljihu, abin da a da zai zama cin fuska ga wanzami. A 1994 Alain Prual da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Yamai, inda suka sami kusan yaro ɗaya cikin biyar an cire masa belu kafin ya cika shekara biyar, suka kuma lissafa abin da ke kai wasunsu asibiti: zubar jini, ruɓewar rauni, tetanos, da faɗawar yankakken naman cikin hanyar numfashi. Ƙungiyar CONIPRAT ta shiga faɗakarwa kan al'adu masu cutarwa. A 2003 dokar Nijar ta haramta kaciyar mata, a shekarar kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayyar Najeriya ta hana yi wa yaro tsaga. Da wa'azin malamai da dariyar ƴan lakkol, tsagar gado ta ja baya ƙwarai, ko da yake cire belu ya fi ta taurin rai.

Ana cikin haka sai ga wata aska ta ɓullo daga wata kusurwa. Hujin harshe da na leɓe irin na zamani ya bunƙasa ne a Amurka, inda Jim Ward ya buɗe shagonsa mai suna Gauntlet a jihar Kaliforniya a 1978, masu sana'ar kuma suka kafa ƙungiyarsu a 1994. Su ma sai da suka fuskanci tambayar da mutanen Damargu suka amsa tun da daɗewa, wato wa za a buɗe wa baki. Da yake ba su da gado ko Sarkin Aska, sai suka dogara da takarda da na'ura. A Faransa, dokar 19 ga Fabrairu 2008 ta wajabta wa mai huji ya yi horon tsafta, wanda aka ƙayyade awa 21, ya sanar da hukumar lafiya, ya yi aiki da allura sabuwa ko kayan da aka turara a tukunyar tururi mai matsi, kuma kada ya taɓa yaron da bai kai shekara 18 ba sai da rubutaccen izinin iyaye. Bindigar huji an taƙaita ta ga kunne da gefen hanci.

Tsananin nan yana da dalili. Harshe tsoka ce mai yawan jini. Duk wanda ya ɗaga nasa gaban madubi zai ga jijiyoyi biyu shuɗɗa a ƙarƙashi, kuma allurar da ta kauce ta same su ta jawo aiki. Bayan huji harshe yakan kumbura na kwanaki, shi ya sa gwani ke fara saka dogon ƙarfe, sai kumburi ya sauka ya musanya shi da gajere, in ba haka ba ƙarfen ya riƙa fasa haƙori yana cin dasashi. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa, wadda ta yi yawa a ƙasashen Sahel, takan rayu aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma shafa turare ko ruwan zafi ba ya kawar da ita.

Budurwa ko saurayin Tanut da ya ga hujin harshe a wayarsa, ya yi sha'awa sa'ad da ya je karatu birni, yana iya faɗawa tsakanin tsarin biyu. Wanda zai huda shi a bayan shagon kitso ba wanzamin gidansu ba ne da za a je a sami ubansa, ba kuma mai takardar horo ba ne da hukuma ta san da shi. Tambayoyin da suka rage masa su ne a buɗe allurar daga ledarta a gabansa, a nuna masa tukunyar tururin, a faɗa masa irin ƙarfen da za a sa masa, a kuma gaya masa wanda zai kira da tsakar dare idan harshen ya cika baki.