Nauyin sandar kurket: Abin da ya kamata a sani kafin a saya

Kurket ba baƙon wasa ba ne a Arewa, ko da yake ƙwallon ƙafa ta shige masa gaba nesa ba kusa ba. Yana cikin wasannin da ɗalibai suka riƙa yi a Kwalejin Katsina, makarantar da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya kammala a 1931, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A 'yan shekarun nan wasan ya sake farfaɗowa a ƙasa baki ɗaya. Samarin Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je Gasar Cin Kofin Duniya a Afirka ta Kudu a 2020, takwarorinsu mata kuma sun doke Niyu Zilan da ratar maki biyu a Maleshiya a watan Janairun 2025. Ga shi kuma wasan zai koma Gasar Olamfik a 2028, karo na farko tun 1900.

Duk makarantar da ta yi niyyar fara wasan, ko a cikin birnin Sakkwato take ko a garin bakin iyaka irin Tozai da ke Ƙaramar Hukumar Illela, sanda na cikin kaya mafi tsada da za ta nema, kuma daga waje ake shigo da ita. Kuskure wajen zaɓenta asarar kuɗi ne, sannan yana iya ɓata hannun mai koyo tun daga tushe. Babban abin da ke rikita masu saye shi ne nauyi.

Abin da doka ta ce

Ƙungiyar MCC da ke Landan ce ke riƙe da dokokin kurket. Doka ta biyar ta ƙayyade cewa tsawon sanda kada ya wuce santimita 96.52, faɗinta kuma kada ya wuce santimita 10.8. A 2017 aka ƙara iyakar kauri: milimita 67 daga fuska zuwa doron baya, da milimita 40 a gefuna. Dole kuma allon da ke bugun ƙwallo ya zama na katako, sharaɗin da aka sa bayan Dennis Lillee na Ostareliya ya fito da sandar alminiyom a karawarsu da Ingila a 1979.

A cikin dukkan waɗannan sharuɗɗa babu inda aka ambaci nauyi. An bar wa mai bugu ya zaɓi abin da ya fi masa. Galibin sandunan manya suna tsakanin kilo 1.1 zuwa kilo 1.4. Masu ƙera su har yanzu da laba da oza suke awo, don haka idan aka ga an rubuta 2.9 a jikin sanda, ana nufin laba biyu da oza tara, wato kimanin giram 1,160. Laba ɗaya giram 454 ce, oza kuma kimanin giram 28. Ita kuwa ƙwallon maza nauyinta giram 155.9 zuwa 163 ne, wato matsakaiciyar sanda ta ninka ta kusan sau bakwai.

Nauyin sikeli da nauyin hannu

Za a iya ɗora sanduna biyu a sikeli su yi kunnen doki, amma da an ɗaga su a ji ɗaya kamar kara, ɗaya kamar taɓarya. Sirrin yana ga inda nauyin ya taru. Duk wanda ya taɓa riƙe gatari ya san haka: idan ya kama ƙota daga can ƙarshe sai ya ji kan yana rinjayarsa, idan ya matso da hannu kusa da ruwan gatarin sai ya ji sakayau, alhali ko giram ɗaya bai ragu ba.

Ilimin kimiyyar lissafi ya nuna cewa wahalar juya abu tana ƙaruwa ne da nisan nauyin daga hannu, a ninka nisan da kansa. Giram 50 da ke santimita 80 daga hannu ya fi giram 50 da ke santimita 20 wuyar juyawa har sau 16. Shi ya sa 'yan wasa suka fi damuwa da yadda sanda ke ɗaguwa a hannu fiye da lambar da ke jikinta. Shi ya sa kuma wasu ke ƙara roba ta biyu a mariƙi: sandar ta ƙara nauyi a sikeli, amma da yake ƙarin yana cikin tafin hannu ne, sai ma'auninta ya matso sama, a ji ta fi biyayya.

Me nauyi ke ƙara wa bugu?

Haɗuwar ƙwallo da sanda ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A wannan ɗan taƙin hannu ba shi da damar ƙara wani ƙarfi. Abin da ke aiki shi ne gudun da sandar ta zo da shi, da yawan katakon da ke bayan wurin da ƙwallon ta sauka. Idan gudun sanduna biyu ɗaya ne, mai nauyin za ta fi tura ƙwallo nesa, domin ƙwallon ba ta iya mayar da ita baya sosai.

Sai dai gudun ba ya zama ɗaya. Hannun da ya ɗauki sanda mai nauyi yakan rage sauri, kuma ribar ƙarin nauyi tana raguwa ne a hankali, tunda sandar dama ta riga ta fi ƙwallon nauyi ƙwarai. Akwai gejin da idan aka wuce shi, abin da aka rasa ta wajen sauri ya fi abin da aka samu ta wajen nauyi. Wannan gejin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, gwargwadon ƙarfin damtse da wuyan hannu.

Akwai kuma batun lokaci. Tsakanin turakun mai jifa da na mai bugu mita 20.12 ne. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 140 a sa'a tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma takan sauya hanya bayan ta daki ƙasa. Sanda mara nauyi tana ba mai bugu damar gyara hannu a ƙurarren lokaci, musamman a bugun da ake kai wa a kwance, zuwa dama ko hagu. Mai nauyi ta fi dacewa da bugun da ake saukowa da shi a miƙe, inda nauyin da kansa ke taya hannu.

Tarihin wasan ya nuna kowane ɓangare yana da gwanayensa. Donald Bradman na Ostareliya, wanda ya yi ritaya da matsakaicin maki 99.94 a manyan wasannin kwanaki, da sanda mai kimanin kilo ɗaya ya yi suna. Sachin Tendulkar na Indiya kuwa, duk da ba dogo ba ne, ya shahara da sanda mai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma da irinta ya ci maki ɗari sau ɗari a wasannin ƙasa da ƙasa. Lokacin da ciwon gwiwar hannu ya kama shi a 2004, masu sharhi da dama sun ɗora alhakin a kan nauyin sandar tasa.

Cibiyar sanda

Kowace sanda tana da wani wuri a fuskarta da idan ƙwallo ta sauka a kai, takan tashi da ƙarfi ba tare da hannu ya ji girgiza ba. Nan ce cibiyarta, kuma takan dace da inda doron baya ya fi kauri. Maƙerin sanda yana iya sauko da ita ƙasa ko ya hau da ita sama. Idan tana ƙasa, sandar takan fi nauyi a hannu, amma ta fi amfani a filin da ƙwallo ba ta tashi sosai bayan ta daki ƙasa, kamar yawancin filayen Indiya. Idan tana sama, sandar takan ɗagu cikin sauƙi, ta dace da fili mai tauri irin na Ostareliya ko daɓen siminti. Saboda haka ya kamata mai saye ya fara duba irin filin da za a yi wasan.

Icen da yanayinmu

Da icen wilo ake yin allon sanda, domin ba shi da nauyi, ga shi da jure duka. Wanda aka fi daraja shi ne na gabashin Ingila, da kan kai shekara 15 ko fiye kafin a sare shi. Na Kashmir ya fi araha, amma ya fi tauri da nauyi, don haka idan girmansu ɗaya, na Kashmir zai rinjaya a sikeli. Yawancin sandunan da ke kasuwannin duniya ana ƙera su ne a Mirut da Jalandar a Indiya, da Siyalkot a Pakistan. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kambirij sun gwada sandar gora, ta nuna ƙarfi, amma ta fi ta wilo nauyi sosai, MCC kuma ta ce gora dangin ciyawa ce, dokar yanzu ba ta amince da ita ba.

Sandunan zamani sun fi na da kauri ba tare da sun fi su nauyi ba, saboda ana busar da icen sosai, ana kuma rarake gefen doron. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: irin waɗannan ba su cika daɗewa ba. Wannan abin lura ne a yankin Illela, inda iskar hunturu ke tsotse laimar katako, zafin bazara kuma kan haura digiri 40. Sandar da aka bari a rana ko cikin mota za ta ƙara bushewa, ta ɗan rage nauyi, amma ta yi saurin tsagewa. A ajiye ta a inuwa, a riƙa shafa mata ɗan man linsid, sabuwa kuma a daddake fuskarta a hankali da gudumar katako ko tsohuwar ƙwallo kafin a shiga fili da ita.

Yadda za a zaɓa

Ga yara, tsawo ake fara dubawa. Sandunansu suna da lamba daga 0 zuwa 6, sai wadda ake kira Haro, kafin a kai ta manya. Idan yaro ya tsaya ya dasa sanda a gefensa, kan mariƙin ya tsaya daidai saman cinyarsa. Saya masa babba da nufin zai girma ya tarar da ita ba tattali ba ne, domin nauyin zai tilasta masa dogara da hannun ƙasa, ya riƙa sharar ƙwallo a karkace, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar da kuɗinta ba su da yawa gara ta sayi ƙananan sanduna na wilon Kashmir masu girma daban-daban, da ta zuba kuɗin duka a kan babba ɗaya ta Ingila.

Ga babba, gwajin ba shi da wuya. Ya sa safar hannun wasa, ya tsaya kamar yana jiran jifa, ya ɗaga sandar baya da hannun sama kaɗai, wato hagu ga badame. Idan wuyan hannu ya karye ko kan sandar ya faɗi, ta fi ƙarfinsa. Sannan ya kwaikwayi bugu iri-iri sau 20 ko 30 a jere, domin sandar da ta yi daɗi a bugun farko tana iya zama kaya bayan sa'a guda a rana. Wadda ta fi nauyi a cikin waɗanda ya iya juyawa ba tare da saurinsa ya ragu ba, ita ce tasa.