Yadda Rada Ta Hau Sama Ta Koyi Zana Hoton Ƙasa

Duk na'urar ɗaukar hoto da aka ɗora wa tauraron ɗan'adam, muddin da hasken rana take aiki, tana da naƙasu biyu da ba ta da ikon kauce musu, wato duhun dare da gajimare, alhali kuwa ranar da aka fi bukatar ganin ƙasa, kamar ranar ambaliya, ita ce ranar da hadari ya fi lulluɓe ta. Rada ba ta jiran rana. Ita ce ke aika igiyoyin rediyo zuwa ƙasa, ta saurari amsa-kuwwarsu, ta auna jinkirin dawowarsu da ƙarfin da suka dawo da shi, igiyoyin kuwa suna ratsa gajimare ba tare da wata tangarɗa ba.

Asalin al'amarin daga Jamus yake, inda Heinrich Hertz ya tabbatar a shekarun 1880 cewa igiyar rediyo tana komowa idan ta bugi ƙarfe, sannan Christian Hülsmeyer ya ƙera na'ura a 1904 domin jiragen ruwa su gane juna cikin hazo, ko da yake mutanen zamaninsa ba su ga fa'idarta ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raya ta, har a 1943 jiragen Ingila suka riƙa ɗaukar rada mai nuna ƙasa dishi-dishi, ruwa baƙi, birni fari.

Mushkilar da ta tsaya wa masana a wuya ita ce eriya, domin ƙa'ida ta nuna cewa gwargwadon nisan na'ura da ƙasa, gwargwadon tsawon eriyar da za ta bukata kafin ta bambance abubuwa biyu da ke kusa da juna. Tauraron da ke tafiya kilomita 800 a sama, yana aiki da igiya mai zangon santimita 23, sai ya ɗauki eriya mai tsawon kusan kilomita 8 kafin ya rarrabe abin da faɗinsa mita 25 ne, wannan kuwa ba kaya ba ne da roka za ta iya ɗagawa. A 1951 wani masanin hisabi mai suna Carl Wiley, ma'aikacin kamfanin Goodyear a Amurka, ya hango mafita, a ganina kuma ita ce hikima mafi girma a cikin tarihin nan duka. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya san usur ɗin jirgin ƙasa yakan yi kaifi idan jirgin yana tahowa, ya yi kauri idan ya wuce. Haka amsa-kuwwar kowane dutse ko gida take canza murya yayin da rada ke kusantarsa sannan ta bar shi a baya, saboda haka idan aka adana dubban amsoshin da aka karɓa a kan hanya, kowacce da lokacinta, aka haɗa su bisa hisabi, sai ƙaramar eriya ta ba da hoton da doguwa ce kaɗai za ta iya bayarwa, tafiyar da ta yi ta maye gurbin tsawon da ta rasa. Sharaɗi ɗaya ne, dole na'urar ta dubi ƙasa a kaikaice, domin in ta duba tsaye, amsar dama da ta hagu za su iso lokaci guda su cakuɗe.

Da yake kwamfutocin wancan zamani ba su iya wannan hisabi ba, masanan Jami'ar Mishigan suka riƙa rubuta amsoshin a kan fim, su haska shi ta cikin gilasai har hoto ya bayyana. A Yunin 1978 Amurka ta harba tauraron Seasat da eriya mai tsawon mita 10.7, ya ɗauko hotunan igiyoyin teku da ƙanƙara, amma wutarsa ta lalace a Oktoba, bai cika wata huɗu ba.

Abin da ya fi ba da al'ajabi ya zo ne a Nuwamban 1981, lokacin da radar da ke cikin kumbon Columbia ta bi ta saman hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan, ta ratsa busasshen rairayi, ta fito da hanyoyin tsofaffin koguna da aka binne tun dubban shekaru, a wurin da ido ba ya ganin komai sai yashi. Daga baya masana a Faransa suka kwatanta hotuna biyu na tauraron Turai ERS-1, ɗaya kafin girgizar ƙasar Landers ta 1992 a Kaliforniya, ɗaya bayanta, suka auna gocewar ƙasa da santimita.

Tun 2014 Turai ke tafiyar da taurarin Sentinel-1, tana ba da hotunansu kyauta ga duk mai so, kuma da yake kwantaccen ruwa yakan juyar da igiya gefe har ya fito baƙi ƙirin, da su ake zana iyakar ambaliyar kogunan Kwara da Binuwai a tsakiyar damina, tun hadari bai washe ba.