Hawan dutse a ƙasar Hausa

Hawan dutse shi ne mutum ya hau tsauni ko dutse da ƙafa, ya bi gangarensa da tsagoginsa da kogwanninsa, ba tare da matakala ko shararriyar hanya ba. Mai hawa shi ke zaɓar inda zai sa ƙafa, kuma a wurare masu tsayi yakan haɗa da hannu. A ƙasar Hausa mafarauta da makiyaya da masu cirar zuma da masu neman saiwoyin magani sun daɗe suna yin haka saboda sana'a. A 'yan shekarun nan ɗalibai da matasan birane ma suna hawa don motsa jiki, da buɗe ido, da nazarin ƙasa ko tarihi. Yawancin duwatsun yankin ba su da hanya mai alama ko jami'an ceto, saboda haka lafiyar mai hawa ta dogara ne ga sanin irin dutsen da yake kai da kuma lokacin shekara.

Ire-iren duwatsu

Mafi yawan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara shimfiɗaɗɗiya ce, tana zaune a kan tsohon dutse da ke ƙarƙashin ƙasa. Inda ruwa da iska suka kwashe ƙasar sama cikin dogon zamani, sai dutsen ya fito fili shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Masana ƙasa suna kiran irinsa da kalmar Jamusanci inselberg, wato dutse mai kama da tsibiri, sunan da Wilhelm Bornhardt ya yi amfani da shi a 1900. Ga mai hawa, duwatsun sun kasu kashi uku.

Na farko shi ne mulmulallen dutse mai kama da kifaffiyar ƙwarya, kamar Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Jihar Zamfara. Irin wannan dutse ya samu ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. Jikinsa sumul yake, kuma yana ɓarewa falle-falle kamar albasa, don haka wani fallen yana iya zama a sake ko da ya yi kama da mai ƙarfi.

Na biyu shi ne tarin manyan duwatsu da suka ɗare kan juna, kamar waɗanda ake gani a Birnin Kudu da kewayen Rano. Suna da wuraren kamawa da yawa, amma tsakaninsu akwai ramuka masu zurfi, kuma a nan macizai da ƙudan zuma suka fi zama.

Na uku shi ne tsauni mai hular marmara, kamar Dala da Goron Dutse a birnin Kano. Samansa a baje yake, gefensa kuma jar ƙasa ce da tsakuwa mai zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Tsayin Dala mita 534 ne daga doron teku.

Ban da waɗannan akwai tsaunukan Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa, a kudancin Jihar Kano. Dutsensu bai kai na Kufena tsufa ba, yana cikin jerin duwatsun da ake samun kuza a cikinsu kamar na Jos, kuma nan ne ƙasar Jihar Kano ta fi tsayi.

Tarihi

Tsofaffin garuruwan Hausa da dama an kafa su ne a gindin dutse, domin dutse yana ba da mafaka, da wurin hango maƙiyi, da ruwan da ke taruwa a gindinsa, wani lokaci har da tama. Littafin tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe a kan Dala yake zaune, kuma kwana biyu kawai yake saukowa a shekara domin shiga wurin Tsumburbura. Binciken da aka yi a kan wata tsohuwar matoyar tama a gindin Dala ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Littafin ya kuma ba da labarin yadda Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci Santolo da yaƙi, wani gari da ya daɗe yana gagarar Kano saboda dutsensa.

A ƙasar Zazzau, ragowar ganuwa da kufai suna nan a kewayen Kufena da Turunku, wuraren da ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. A wajen 1846 wasu malaman Kano ƙarƙashin Malam Hamza sun bar Tsakuwa suka shiga duwatsun Ningi, kuma magadansu sun shafe shekaru masu yawa suna gagarar dakarun Kano da Bauchi, saboda doki ba ya iya bin mutum cikin dutse.

A Kwatarkwashi, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, a da hawan dutse yana cikin bikin gargajiya na Baura, inda samari kan hau su kamo maiki daga saman dutsen don nuna jarunta. A Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai zanen shanu na zamanin da a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsu masu amo kamar kuge idan an buga su. Bernard Fagg ya yi rubutu a kan waɗannan duwatsu masu amo a tsakiyar shekarun 1950, kuma yanzu wuraren suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

Tsanyawa da kewaye

Tsanyawa ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Kano, a kan hanyar Kano zuwa Katsina bayan an wuce Bichi. Faɗinta murabba'in kilomita 492 ne, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane 157,680. Ƙasar noma ce mai yawan jama'a, inda gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake suke haɗe da juna, da itatuwa jefi-jefi a cikinsu. Babu manyan tsaunuka a nan. Abin da aka fi gani a wannan shiyya shi ne falalen dutse da ƙananan tarin duwatsu a tsakanin gonaki, waɗanda mata ke shanya a kansu, yara kuma su hau lokacin kiwon awaki. Mai son dutse mai tsayi yakan nufi tsaunukan Kazaure da Roni a arewa maso gabas, ko Dutsin-Ma a yamma cikin Jihar Katsina, ko Dala da Goron Dutse a cikin birni.

A irin wannan yanki kusan kowane dutse gona ce ta kewaye shi, don haka isa gindinsa yana nufin ratsa gonar wani. Da damina ana bin iyakar gona ko burtali don kada a tattake shuka. Baƙo yakan fara gaida mai unguwa ko dagaci ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma sau da yawa akan haɗa shi da ɗan gari wanda ya san inda zuma take da ɓangaren da ba a hawa.

Yadda ake hawa

A ƙasashen da hawan dutse ya zama wasa an kasa shi mataki-mataki. A Amurka ana amfani da tsarin Yosemite mai aji 1 zuwa 5: aji na 1 tafiya ce a kan hanya, na 3 hawa ne da hannu da ƙafa, na 5 kuma sai da igiya da horo. Akasarin hawan da ake yi a ƙasar Hausa yana tsakanin aji na 2 da na 3, amma dutse ɗaya yana iya samun ɓangare mai sauƙi da wani ɓangaren da ba ya hawuwa sai da igiya.

Kafin a fara, akan zagaya gindin dutsen a duba shi daga nesa, a zaɓi ɓangaren da gangarensa ya fi kwanciya. A wuri mai tsayi ƙa'idar ita ce gaɓoɓi uku su kasance a kafe kafin a motsa ta huɗu, wato hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. A kan falalen dutse ana ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, a tsaya a miƙe, domin kwantawa a jikin dutsen yana rage nauyin da ke kan ƙafa, takalmi ya zame. Ana ƙwanƙwasa dutse kafin a dogara da shi. Idan ya yi amo kamar ganga, akwai rami a bayansa kuma yana iya ɓallewa. Ba a dogara da ciyawa ko ƙaramin itacen da ya fito daga tsaga, saboda saiwarsa ba ta da zurfi. Idan jama'a ne, ba a jeruwa wani a ƙarƙashin wani, don kada dutsen da na sama ya ture ya faɗa wa na ƙasa.

Sauka ta fi hawa haɗari, musamman a mulmulallen dutse. Samansa a kwance yake, amma yana ƙara miƙewa yayin da ake yin ƙasa, kuma wanda ke sama ba ya ganin inda gangaren ya yanke. Mutum yana iya sauka cikin sauƙi har ya kai inda ba zai iya ci gaba ba, komawa sama kuma ta gagara. Saboda haka ake sauka ta inda aka hau, kuma tun a lokacin hawa ake waiwaye ana riƙe alamu kamar wani itace ko tsaga. A wuri mai tsayi ana sauka ne fuska tana kallon dutse.

Kayan da ake bukata ba su da yawa: takalmi mai ƙasan roba da ke rufe ƙafa, ruwan sha isasshe, hula, tocila, waya mai caji, da jaka ta baya domin hannuwa su zama a sake. Silifas da babbar riga ba su dace da hawa ba.

Lokaci da haɗura

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dutse ya bushe kuma an cire amfanin gona. Hazo yana rage gani, don haka abin da za a hango daga sama yakan ragu. Da bazara, a watannin Maris zuwa Mayu, zafi a Kano yakan haura digiri 40, dutse ya yi zafin da ba ya taɓuwa da tsakar rana, sai dai a hau da sassafe. Da damina gansakuka da jiƙa suna sa dutse santsi, kuma saman dutse wuri ne mai haɗarin tsawa. Da an ga hadari ya haɗo, ana sauka.

Kububuwa da kasa da kumurci da kunama suna fakewa a ƙarƙashin duwatsu da cikin tsagogi, shi ya sa ba a zura hannu inda ido bai gani ba. Idan maciji ya sari mutum, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ɗaure wurin da ƙarfi, kada a tsaga, kada a tsotsa. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a kai shi asibiti da gaggawa. Hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su a 2017. Ƙudan zuma ma suna da haɗari, domin wanda suka taso wa yakan ruga da gudu a inda gudu ke jawo faɗuwa.

Matsalar 'yan bindiga a sassan Zamfara da Katsina da Kaduna, da wasu ƙauyukan Kano masu iyaka da Katsina, ta sa wasu duwatsu da dazuzzuka ba sa shiguwa. Ana tambayar mutanen gari halin da ake ciki kafin a tafi, a kuma sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Halittu da kiyayewa

Da yake garma ba ta kaiwa kan dutse, a nan ne ake samun wasu itatuwa da dabbobin da suka ƙaranta a gonaki. Ararraɓi da kukkuki da gamji da tinya suna fitowa a gangaren dutse. Rema da kazar dutse da hasbiya da jemage da damo suna zama a tsagoginsa, a wasu wuraren har da birai.

Babbar barazana ga duwatsun ita ce fasa su don gini da shimfiɗa hanya, da guduma ko da nakiya. Dokar ma'adinai da haƙar su ta 2007 ta tanadi samun izinin gwamnatin tarayya kafin buɗe wurin fasa dutse na kasuwanci, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da wuraren da aka ayyana a matsayin na tarihi. Duwatsu da yawa masu kufai ba su shiga wannan jeri ba. A Dala, gidaje sun matso har gindin tsaunin, zaizayar ƙasa da zubar da shara suna cin gefensa.

Masu hawa ma suna yin ɓarna idan suka rubuta sunayensu da fenti ko gawayi, ko suka kunna wuta a kogo, ko suka zuba ruwa a kan tsohon zane don ya fito a hoto. Katangar tukunya da kashin tama da tsohon dutsen niƙa da ake gani a kan dutse shaidu ne da masu binciken tarihi ke karantawa a inda suke, kuma idan aka ɗauke su daga wurin amfaninsu ga bincike yana raguwa. Wanda ya ga zane ko kufai da ba a sani ba yana iya ɗaukar hoto ya sanar da dagacin wurin da Gidan Makama a Kano, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.