Adakar Kawu: Tarihin Mujallun Masoya Daga Shikago Zuwa Rogo

Gabatarwa

Bayan sadakar arba'in ta kawuna, ƙanin mahaifiyata, muka taru a gidansa da ke Rogo domin rabon gado. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: gonar rake ɗaya, da tsohon babur, da wata adakar ƙarfe da ta yi tsatsa a ƙarƙashin gado. Da aka fasa kwaɗon, ba a sami kuɗi ko takardar fili ba, sai tsofaffin mujallu cunkus. Matar marigayin ta dube su ta ce, “Ai tarkace ne, mai ƙosai ma ta daɗe tana tambayar takarda.” Na durƙusa na ce, “Inna, don Allah a bar mini su.” Ta ce in kwashe, na ma rage mata shara.

A cikin adakar na ƙirga mujallun fim 31 na ɗab'i. A can ƙasa kuma na tarar da wasu guda 9 waɗanda ba su taɓa shiga maɗaba'a ba. An rubuta su da hannu ko da keken rubutu, an ɗinke su da zare, an liƙa musu hotuna da ƙaro. Na yi shekara huɗu ina karatun tarihi a jami'a, na san sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, amma ranar ce na fara riƙe shaidar abin da ya faranta ran mutanen gidanmu. Wannan maƙala ƙoƙari ne na gano asalin irin waɗannan takardu, da yadda suka iso yammacin Kano, da abin da za mu rasa idan suka ƙare a hannun mai ƙosai.

Mece ce Mujallar Masoya?

Mujallar masoya ita ce wadda masu ƙaunar wani abu suke shiryawa da kansu domin 'yan'uwansu masu ƙaunarsa, ba da umarnin hukuma ba, ba kuma don neman riba ba. Abin ƙaunar yana iya zama fim ko waƙa ko ƙwallon ƙafa ko wani nau'in labari. Masu shirya ta ba su da digiri a aikin jarida, kwafinta ba ya da yawa, kuma sau da yawa mai karatun wannan fitowa shi ne marubucin ta gaba.

A ƙasashen Turawa ana danganta farkonta da shekarar 1930, lokacin da wata ƙungiyar masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya a birnin Shikago na Amurka ta fitar da The Comet. A 1933 wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka buga wani labari a 'yar mujallarsu ta gida, wanda a cikinsa suka fara amfani da sunan Superman, shekara biyar kafin jarumin ya fito a kasuwa. A 1940 Louis Russell Chauvenet ya ƙirƙiri kalmar “fanzin”, wadda ta zama sunan wannan nau'i. Daga nan al'adar ta yaɗu. Masoyan shirin talabijin na Star Trek suka fitar da Spockanalia a 1967. A Landan wani matashin ma'aikacin banki, Mark Perry, ya fara Sniffin' Glue a 1976 domin masoyan kiɗan punk, da keken rubutu da alƙalami da injin kwafi. A 1986 masoyan ƙwallo a Ingila suka fara When Saturday Comes.

Dalili ɗaya ne ya haɗa waɗannan duka. Manyan jaridu sun raina abin da waɗannan mutane suke so, su kuma suka ƙi jiran a ba su fili.

Ƙasar da Irin Ya Faɗa

A ƙasar Hausa ba daga Turawa muka koyi yaɗa rubutu da hannu ba. Tun kafin zuwan boko almajirai suke kwafar waƙoƙin ajami suna miƙa wa juna, har ana sayar da su a ƙofar masallatai da Kasuwar Kurmi. Amma da boko ya zo, ɗab'i ya zauna a hannun hukuma. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC a 1966. Duk wanda yake son a karanta shi, sai ya bi ta ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙofofi.

A shekarun 1980 tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma ɗaliban da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya koya wa karatu suka girma, suna neman abin karantawa da harshensu. Sai matasa suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu. Aka sami ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya karaɗe ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta zama abin koyi ga mata marubuta. Masana suka yi ta muhawara a kan wannan adabi, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa sunan Adabin Kasuwar Kano. Abin lura shi ne marubutan sukan sa adireshinsu a jikin littafi, masu karatu su aiko da wasiƙu, wani lokaci a buga su a littafi na gaba. Haka tazarar da ke tsakanin marubuci da mai karatu ta ragu.

A gefe guda akwai rediyo. Masu sauraron shirye-shiryen gaishe-gaishe irin Zaɓi Sonka sun kafa ƙungiyoyi a birni da ƙauye, suna da shugabanni da laƙabobi, suna aika wa juna gaisuwa ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Wannan ma makaranta ce da ta koya wa talaka cewa sunansa yana iya fita duniya.

Tauraruwa da Fim

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo na kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun nan sana'ar ta bunƙasa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999. Kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da dillalan kaset. 'Yan kallo suna son sanin wane ne ya auri wa, wa ya rera waƙar, wane fim ne ke tafe, amma jaridun Turanci ba su ɗauki wannan a bakin komai ba.

A 1998 marubuci Sunusi Shehu Daneji ya fara mujallar Tauraruwa a Kano, bisa tsari irin na Stardust ta ƙasar Indiya, wadda masoyan finafinan Indiya suka sani. A shafukanta ne a 1999 aka fara kiran masana'antar da sunan Kannywood, shekara uku kafin sunan Nollywood ya bayyana a jaridar New York Times a 2002. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara mujallar Fim a Kaduna. Wasu suka biyo baya, irin su Mumtaz da Garkuwa da Annashuwa da Marubuciya da Bidiyo.

Gaskiya ita ce ba duka ne za a kira aikin 'yan koyo ba. Sheme gogaggen ɗan jarida ne, kuma Fim ta tsaya da ƙafafunta a matsayin sana'a, ta fi sauran daɗewa nesa ba kusa ba. Amma da yawa daga cikin sauran masoya ne suka haɗa 'yan kuɗaɗensu, suka fito sau kaɗan, jari ya karye, suka ɓace. Ko a manyan ma, zuciyar mujallar ita ce shafin wasiƙu, inda mai karatu daga Funtuwa ko Maraɗi ko Kumasi yake yabon jarumi ko ya yi masa faɗa kamar ƙaninsa.

Takardarmu

Mujallun nan ba sa isa Rogo da Ƙaraye sai wani ya shiga birni. Wani aminin kawu ya ba ni labarin yadda suke yi. Direban motar haya yakan taho musu da kwafi ɗaya, ya zaga majalisa har bangon ya cire. Suka yi ta aika wasiƙu, ba a buga ko ɗaya ba. Wata rana a 2000 kawu ya ce, “Tun da sun ƙi sa mu, mu sa kanmu.”

Ba su raɗa mata suna ba, “takardarmu” kawai suke ce mata. Fitowa ta farko da biro aka rubuta ta, aka sa takardar kabon a ƙarƙashi, aka sami kwafi 3. Daga baya wani malamin makaranta a cikinsu yakan buga musu da keken rubutu a kan sitensil, a gurza da injin da ake gurza takardun jarrabawa, a sami kamar 40. Hotuna daga kwalin kaset ake yanko su. Rabi ya tsaya a Rogo, rabi a ba yaron mota ya kai Ƙaraye. Ba a sayarwa, sai dai wanda ya karanta ya kawo abin da ya sawwaƙa na kuɗin takarda.

Da na zauna na karanta su, na ga ba labarin fim kaɗai ba ne. Akwai sharhin finafinai da sakamakon wasan ƙwallo tsakanin unguwanni. Akwai farashin mazarƙwaila, da ƙorafin wani manomi a kan tsadar taki, da labarin masunta a dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992 ya canza rayuwar ƙauyukan da ke kewaye da shi. Akwai muhawara mai zafi a kan rawa da waƙa a fim, a daidai lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kuma kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Wani ya ce a hana, wani ya ce a gyara, kuma an buga ra'ayoyin biyu a shafi ɗaya ba tare da zagi ba.

A fitowa ta huɗu na ci karo da wata wasiƙa mai sa hannun “'Yar Rogo a Ƙaraye”. Marubuciyar tana sukar masu shirya fim a kan yadda kullum suke nuna matar ƙauye a matsayin sakarya, tana tambaya ko sun taɓa zama da wadda take riƙe gida da kuɗin ƙuli-ƙuli. Na san wannan rubutun hannu, domin shi ne a bangon littattafaina na firamare. Na kai wa mahaifiyata takardar na ce, “Umma, wannan fa?” Ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi dariya ta ce, “Kana goye a bayana na rubuta ta. Ko babanka bai sani ba.” Ashe almajirin gidanmu take ba wa ya kai tasha. Shekara 25 ina tare da ita, ban san ta taɓa yin muhawara da kowa a rubuce ba.

Yadda Aka Daina

Fitowa ta ƙarshe a adakar ta 2003 ce. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali labari ya daina jiran motar haya. 'Yan majalisar suka yi aure, hidima ta ƙaru. Sannan iska ta juya wa fim da littattafan soyayya baya, har a 2007 aka yi taron ƙona irin waɗannan littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Aminin kawu ya ce a shekarar ce shi da kansa ya cinna wa nasa wuta, don kada a ce da shi ɗan iska. Kawu kuwa kwaɗo ya saya.

Yau masoya suna Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma ba na musun cewa muryarsu ta fi isa nesa. Amma abin da aka rubuta a waya yakan tafi tare da wayar, ko ya nutse ƙarƙashin na gobe. Takardar kawu ta jure damina 22 da gara da tsatsa, ta iso hannuna.

Kammalawa

Tarihin Ƙaraye da muka gada na sarauta ne da yaƙi da haraji, kuma yana da muhimmanci. Amma ba zai gaya wa jikokinmu abin da matar aure take tunani a cikin ɗakinta a 2001 ba, ko abin da samari suke jayayya a kai a gindin bishiya. Wannan sai a takardun da ba wanda ya ɗauka da daraja, kuma su ne suka fi saurin salwanta, domin babu dokar da ta kai su ɗakin karatu, babu magajin da yake ganin su a matsayin dukiya.

Don haka ina kira ga cibiyoyin adana tarihi irin su Gidan Ɗanhausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, da sassan Hausa da tarihi na jami'o'inmu, su buɗe ƙofa ga irin waɗannan takardu, na ɗab'i da na hannu. Ina kuma kira ga 'yan'uwana matasa, kafin a share ɗakin mamaci, a duba ƙarƙashin gado. Ni dai na ɗauki hoton kowane shafi na guda 9 ɗin nan, na ajiye a wuri uku. Na mayar da takwas cikin adakar, na zuba maganin gara. Ta huɗun kuwa tana hannun Umma. Ta ce in bar mata, akwai abin da take so ta ƙara.